Wane Irin Likitan Ƙashi Za Mu Aika a Koyo?

Kwanan baya wani dattijo daga wani ƙauye na ƙasar Dambatta ya iso ofishinmu da wata takarda naɗe cikin aljihun taguwarsa, ya ce a karanta masa, a kuma ba shi shawara tsakani da Allah. Takardar mai sheƙi ce, da hotunan benaye da na samari sanye da fararen riguna. Wani dillalin makarantu ne a birni ya ba ɗansa. Yaron ya gama sakandare da sakamako mai kyau, ya zauna jarrabawar shiga jami'a sau biyu yana neman aikin likita, bai dace ba. Dillalin ya ce masa ya daina wahalad da kansa, ga makarantu uku a ƙasashen waje da za su karɓe shi ba tare da wata jarrabawa ba, su koya masa wani fanni da ake kira ostiyofati, wanda shi dillalin ya fassara musu da cewa likitan ƙashi. Kuɗin shekarar farko kaɗai sai an sayad da ɗaya daga cikin gonaki biyu da dattijon ya gada. Abin da ya kawo shi kuwa shi ne mu gaya masa wacce ta fi cikin makarantun nan uku.

Ba mu zaɓa masa ko ɗaya ba. Da ya ke mun san ba shi kaɗai irin wannan takarda ta shiga hannunsa ba, mun ga ya kamata mu bayyana dalilinmu a nan, domin iyayen yara na Bichi da Kunchi da Makoɗa da Tsanyawa da Minjibir da sauran ƙasashen arewacin Kano su ji, masu karatu kuma su karanta wa waɗanda ba su iya ba.

Da fari dai sai a san mene ne ostiyofatin nan, gama ba a zaɓen makaranta kafin a san abin da za a je koyo. Wani likita ne Ba'amurke, ana ce da shi Andrew Taylor Still, ya ƙago shi. A shekarar 1864 ciwon sanƙarau ya kashe masa 'ya'ya uku, shi da sauran likitocin zamaninsa suna ji suna gani ba su iya kome ba. Wannan ya sa ya yanke ƙauna daga magungunan lokacin, waɗanda da yawansu, a gaskiya, illarsu ta fi amfaninsu. A shekarar 1874 ya fito da ra'ayinsa cewa yawancin cututtuka daga karkacewar ƙasusuwa da gaɓoɓi su ke tasowa, musamman na gadon baya, in an daidaita su da hannu jiki zai warkad da kansa. Ya buɗe makaranta a garin Kirksville cikin jihar Missouri a shekarar 1892. Wani almajirinsa, John Martin Littlejohn, ya kai abin Ingila, ya kafa makaranta a Landan a shekarar 1917.

To, daga nan hanya ta rabu biyu, a nan ne kuma dillalai ke samun kafar ruɗin mutane. A Amurka makarantun ostiyofati sun yi ta gyara karatunsu har suka zama makarantun likita sosai. Wanda ya fito daga cikinsu yau likita ne cikakke, yana rubuta magani, yana iya koyon tiyata, kuma kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na ɗaliban likitanci na ƙasar a irin waɗannan makarantu su ke. Amma fa ba a shigarsu sai mutum ya riga ya yi digirin farko, sa'an nan ya ƙara shekara huɗu, da kuɗin da ko an sayad da gonakin unguwa guda ba za su biya ba. A Ingila da Faransa da sauran ƙasashen Turai kuwa abin ya tsaya kusa da inda ya faro. Mai wannan sana'a aikinsa tausa da miƙar da gaɓoɓi da motsa su da hannu, galibi ga masu ciwon baya da wuya da kafaɗa. Ba ya tiyata, ba ya rubuta magani irin na likita. Ingila ta yi wa sana'ar doka a shekarar 1993, ta kafa majalisar da ke rajistar masu yinta, karatun kuwa kamar shekara huɗu ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta fid da ma'auni a shekarar 2010, ta ce wanda bai taɓa karatun aikin lafiya ba ya kamata ya yi sa'a 4,200 yana koyo, 1,000 daga ciki a kan marasa lafiya, gaban malami.

Ba mu raina wannan sana'a ba. Likitocin Ingila da kansu sun yarda tausa irin wannan tana rage ciwon baya in an haɗa ta da motsa jiki, kuma duk wanda ya yini sunkuye da fartanya ya san ciwon baya ba wasa ba ne. Ra'ayin farko na cewa kowace cuta daga gadon baya ta ke, shi ne binciken masana bai tabbatar ba, sanƙarau ɗin da ya kashe 'ya'yan Still ma ƙwayar cuta ke kawo shi. Abin da mu ke so iyaye su riƙe shi ne wannan: mai ostiyofati irin na Turai ba ya ɗori. In aka kawo masa wanda ya karye, abin da aka koya masa shi ne ya ɗauke hannunsa, ya tura shi asibiti.

Dattijon nan da ya ji an ce likitan ƙashi, me ya hango? Ya hango yaron da ya faɗo daga kan mangwaro ko ɗorawa ya karye a gwiwar hannu. Ya hango ɗan acaɓa da mota ta kaɗe a hanyar Kano zuwa Daura, da manomin da amalanke ya danne wa ƙafa, da tsohuwar da santsi ya kwashe a bakin rijiya ƙugunta ya goce. Ya hango ɗansa ya komo ya zauna a asibitin Dambatta yana gyara waɗannan, ana cewa ɗan wane ne. Buri ne mai kyau, ba mu ga laifinsa ba ko kaɗan. Sai dai takardar da ke aljihunsa ba ta bi da shi ta nan ba. Da ya biya, da bayan shekara huɗu an komo masa da mai tausa, wanda masu neman aikinsa, in akwai su, sai a unguwannin masu hali na Abuja da Ikko.

Ga kuma maganar gona, wadda mu a ganinmu ita ce babba. Mutumin birni da ya ji an ce a sayad da gona ɗaya, sai ya ga kamar an ce a sayad da keke. Wanda ya san ƙasar nan ya san ba haka ba ne. Daga bayan ganuwar Kano har iyakar Kazaure da Katsina da wuya ka ga daji, gona ce ke bin gona, gida na hangen gida, ba a barin ƙasa ta huta ko shekara guda. Abin da ya riƙe ta shekara da shekaru shi ne taki, na tumaki da awaki da tokar murhu, da wanda a da jakuna ke kwasowa daga birni. Gonar da ta ke ba da gero da dawa da wake da gyaɗa a damina ɗaya, gumin kakanni ne aka zuba mata. Kowane rabon gado kuma sai ta ƙara tsukewa. Saboda haka wanda ya saki gona a nan ya sake ta ke nan, ba wani fili da zai je ya sare. Jingina ma da ake ganin da sauƙi, sau nawa aka fanso? Yaron nan yana da ƙanne, gonar nan abincinsu ce, kuma rabon gadonsu ce. Ba a taɓa irin wannan dukiya a kan takardar da ba wanda ya bincika.

To, in ƙasarmu masu gyaran karaya ta ke bukata, ina ake koyonsu? Ba nesa ba ne. Asibitin Ƙashi na Dala yana nan cikin birnin Kano tun shekarar 1959, Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa shi, daga baya Gwamnatin Tarayya ta karɓa, ɗan'uwan na Igbobi a Ikko da na Enugu. Likitan ƙashi na sosai, watau mai tiyatar ƙashi, sai ya fara zama likita tukuna. Zai yi shekara shida a jami'a, kamar Jami'ar Bayero da asibitin koyarwarta na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a shekarar 1988, ko Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da asibitinta na Shika, ko Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Sa'an nan ya yi shekarar sanin makamar aiki, ya yi ta hidimar ƙasa, kana ya shiga asibiti irin na Dala ya ƙara shekara biyar ko shida yana aiki yana cin jarrabawa. Hanya ce doguwa, ba mu ɓoye ba. Amma daga ranar da ya gama jami'a albashi ya ke ɗauka, kuma duk tsawon karatun yana inda uwarsa za ta iya aika masa da ƙullin garin kunu ranar kasuwa. Ko ɗaya cikin jami'o'in nan uku ba ta ba da digirin ostiyofati, wannan ma abin lura ne.

Mun sani ƙofar likitanci ƙunci gare ta, shi ya sa yaron nan ya faɗa hannun dillali. Majalisar Likitoci ta Nijeriya tana ƙayyade wa kowace makaranta yawan ɗaliban da za ta ɗauka, masu nema kuwa sun ninka guraben sau da yawa. Amma ba ita kaɗai ce ƙofa ba. Akwai fannin gashin ƙashi, wanda Jami'ar Ibadan ta fara ba da digirinsa a shekarar 1966, yanzu kuma Jami'ar Bayero tana koyar da shi. Shi ne ya fi kowane kusa da abin da ke cikin takardar dattijon, gama mai gashin ƙashi ma da hannu ya ke aiki, yana tausa, yana motsa gaɓoɓi. Ya ɗara kuma da cewa shi ke tsayawa kan wanda aka kwance wa ɗori har ƙafa ta koma taka ƙasa, da wanda shanyewar ɓarin jiki ta kayar, da yaron da shan-inna ta taɓa. Asibitocin Gwamnati suna da gurbinsa da matakin albashinsa. Akwai masu ɗaukar hoton ƙashi, akwai malaman jinya da ke ƙaro ilmin kula da masu karaya a Dala ɗin, akwai masu ƙera ƙafar roba da takalman guragu. Yaron da ya fito daga makarantar kimiyya ta Dawakin Tofa, wadda aka buɗe tun 1977 don ta ba Kano likitoci da injiniyoyi, bai kamata a ce in ya rasa likitanci sai ƙetare ba.

A nan za mu ɗan ratse mu yi wa iyayen 'yan mata magana. Matar aure a ƙauye ta gwammace ta yi ta fama da ciwon ƙugu shekara goma da namiji baƙo ya ɗora hannu a jikinta, mijinta ma haka ya ke gani. Sana'ar da duk aikinta taɓa jiki ne, ba ta da amfani ga rabin jama'a in ba mata a cikinta. Wanda ya ke da 'ya mai ƙwaƙwalwa ya tuna da wannan kafin ya ce karatun kimiyya na maza ne.

Wanda kuma ya ji duk wannan, ya ce shi dai ostiyofatin ya ke so da saninsa, kuma yana da halin biya ba tare da ya taɓa abincin ƙannensa ba, ba mu hana shi ba. Sai dai ya yi tambaya, matambayi ba ya ɓata. Ya fara sanin ko majalisar da ke rajistar masu sana'ar a ƙasar da makarantar ta ke ta amince da ita, don makarantar da ba a yarda ɗalibanta su yi aiki a garinsu ba, ba za ta yi maka rana a garinka ba. Ya tambayi sa'a nawa ɗalibi ke yi a kan marasa lafiya, ya gwada da ma'aunin nan na 1,000. Duk wadda ta ce za ta koya maka aikin hannu ta intanet, ko cikin wata shida, ka rufe takardarta. Sa'an nan, tun bai biya ko kwabo ba, ya rubuta wa Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya, da Majalisar Likitoci, da hukumar nan ta MRTB da aka kafa a shekarar 1988 don rajistar masu gashin ƙashi da makamantansu, ya faɗi sunan makarantar da na takardar shaidar da za ta ba shi, ya tambaya ko za su yi masa rajista in ya komo. Ya jira amsa a rubuce. Maganar bakin dillali ba shaida ba ce, shi ladansa a kan kowane kai ya ke ci, ko yaro ya sami aiki ko bai samu ba.

Kada a ce muna tsorata mutane a banza. A ƙarshen shekarar 2023 wani ɗan jarida ya nuna wa duniya yadda ya sayo digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida, ba tare da ya zauna aji ba, har ya shiga hidimar ƙasa da shi. Da shigowar 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatad da tantance takardun digiri daga ƙasashen Binin da Togo, abin ya shafi mai gaskiya da marar gaskiya. A shekarar 2022, da yaƙi ya tashi a Yukren, Majalisar Likitoci ta ce ba za ta karɓi karatun likita da aka ƙarasa ta intanet ba. A shekarar 2023 kuma yaƙin Sudan ya koro ɗalibanmu, cikinsu har da 'yan Kano masu yawa, wasu sun yi nisa a karatu. Wanda ma ya gama likitanci lafiya lau a waje, sai ya ci jarrabawar Majalisar kafin a ba shi izinin taɓa majiyyaci. Ga kuma rancen karatu da Gwamnatin Tarayya ta fara bayarwa a shekarar 2024, na ɗaliban makarantun Gwamnati na cikin gida ne, ba ya bin yaro ƙetare.

Saura maganar maɗora, gama ba a zancen ƙashi a ƙasar Hausa a tsallake su. Tun ba a san asibiti ba su ke ɗori da karan dawa da tsumma da tofi, sana'a ce ta gado, har sarauta gare ta. Har gobe in aka karye a ƙauye wurinsu ake fara zuwa, don suna kusa, kuɗinsu da sauƙi, a kan biya su da abin da ya samu, kuma ba su sa mutum ya kwana a layi. Karaya mai sauƙi da yawa sun gyara, wannan ba mai musu. Inda ɓarna ke aukuwa sananne ne ga duk malamin asibiti. Gaɓar da ta karye kumbura ta ke yi cikin kwana ɗaya ko biyu na farko. In aka ɗaure ta tamau da kara, kumburin ya rasa inda zai tafi, sai ya matse hanyoyin jini. Yatsu su yi sanyi, su canja launi, yaro ya yi ta kuka ana ce masa ya yi haƙuri ɗori ne ke kamawa. Sa'o'i kaɗan sun isa nama ya fara mutuwa. Kafin a yanke shawarar tafiya Kano hannu ya ruɓe, likita ba shi da abin yi sai yankewa. Daga nan sai labari ya bazu cewa Dala yanke hannu su ke yi, na gaba ya ƙara jin tsoron zuwa da wuri. Haka kuma karayar da ƙashi ya huda fata, ko ta cikin gaɓa, ko ta gadon baya, ba aikin kara da tsumma ba ne.

Saboda haka muna roƙon Gwamnatin Jihar Kano da Masarauta su duba wannan. Hakimai da dagatai da masu unguwanni sun san kowane maɗori da ke ƙasarsu, ba sai an yi wata ƙidaya mai tsada ba. A tara su kashi kashi a asibitocin Bichi da Dambatta, likitocin Dala su zo su nuna musu alamun nan na yatsu, da irin karayar da za su tura gaba nan take, a ba su takardar turawa da za a girmama in sun aiko da ita. In aka zo musu da ladabi za su karɓa, ba maɗorin da ke son a ce hannun ɗan wane a gidansa ya lalace. A kuma tabbata kowane babban asibiti na ƙaramar hukuma yana da na'urar hoton ƙashi mai aiki, da mai sarrafa ta, da wutar da za ta tashe ta. Kuɗin tallafin karatu da ƙananan hukumomi ke rabawa, a keɓe wani abu daga ciki ga yaran da za su karanta gashin ƙashi da hoton ƙashi da jinya, da sharaɗin su komo su yi wa ƙasarsu aiki na 'yan shekaru. In da za a ji tamu, 'ya'yan maɗora za a fara dubawa, domin sun tashi suna riƙe wa iyayensu ƙafar majiyyaci, kuma in sun komo da ilmin asibiti jama'a ba za su guje su ba.

Shi dai dattijon Dambatta mun rubuta masa wasiƙu uku zuwa hukumomin nan, ɗansa ya sa hannu. Mun kuma ce wa yaron in an buɗe sayad da fom ɗin jarrabawa ya sake cikewa, wannan karon ya sa gashin ƙashi a Jami'ar Bayero, kafin nan ya je Dala ya roƙi a bar shi ya ga yadda ake aikin ko na yini ɗaya ne. Uban ya ce dillalin ya ba su wa'adin mako biyu, in ba su biya ba gurbin zai wuce su. Muka ce ya bar shi ya wuce. Ya mai da takardar aljihu, ya ce bari ya kama hanya tun motocin Dambatta ba su ƙare ba, gobe akwai kai taki gona.